Gargaɗi Ga Aljanin Anbariyya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe a gaban dattawa na yi wa bango gargaɗi ba. E, bango, na dutse da siminti. Yau na yi furfura, na aurar da 'ya'ya, amma in abin ya faɗo mini a rai, ko loma ce a hannuna sai na ajiye na yi salati. Matata ta san alamar. Sai ta ce, "Malam, aljanin ne ya dawo?"

Tsakiyar shekarun tamanin ne, ina ɗalibi a jami'ar Musulunci a Madina. Ni Bazazzagi ne, kuma gajere (gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni). Duk da haka tun a sakandare Allah ya jarabce ni da son ƙwallon kwando, wasan da ba a taɓa sa ni a ciki ba ko da kuskure. Na zo Madina ban san kowa ba. Abincin jami'a shinkafa da adas, wani ɗan mitsitsin wake na Larabawa, gobe adas da shinkafa. Kewar gida ta kusa kwantar da ni.

A wani shagon gyaran rediyo a unguwar Anbariyya na haɗu da Bakur. Ya gan ni na ƙura wa wata mujallar wasanni ido a kan teburinsa, ya ce, "Ya shaikh, kana fahimtar wannan?" Hausarsa rabi da rabi ce, ya fara da ita ya ƙare da Larabci. A Madina aka haife shi. Mahaifinsa, Baba Hamza, mutumin Kano ne da aka taho da shi aikin hajji a ƙafa yana yaro, bai sake komawa ba. Ranar Alhamis ɗin makon Bakur ya kai ni gidansu, aka ajiye mini tuwo da miyar kuka. Wallahi sai da na yi ƙwalla a kan kwanon, na ce yaji ne.

Daga nan gidan ya zama gidana. Baba Hamza ya riƙa ce mini "ɗana". Innar Bakur, wadda ban taɓa ganin fuskarta ba, takan aiko mini da yajin daddawa in tafi da shi makaranta. A duk faɗin ƙasar nan nan kaɗai nake cire hula in miƙe ƙafa. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da na kusa ɓararwa da bakina.

Kowace Alhamis bayan la'asar mukan zauna a ɗakin baƙi mu uku, ni da Bakur da Tijjani, wani tela Bahaushen Sudan mai baki kamar reza. Bakur yana da bidiyo, kuma kaset-kaset na wasannin Amurka suna zuwa masa, tare da mujallu. Ya ce yayansa Usman ne ke aikowa, yana karatu a can. Kaset kan iso bayan an daɗe da gama wasan, amma mu ina ruwanmu, ihu muke yi kamar yanzu ake bugawa. (Abokan karatuna sun ɗauka muraja'a, wato bitar karatu, nake zuwa yi a Anbariyya. Ban ce musu e ba, ban ce musu a'a ba.)

Kallo kaɗan ne, gardama ita ce abincin. A lokacin ne aka fito da sabuwar doka a can, cewa kowace ƙungiya akwai iyakar abin da za ta kashe a albashin 'yan wasanta gaba ɗaya. Bakur yana kiran abin "sakafu", wato rufin ɗaki, muka bi shi. In kanka ya taɓa sakafu, ba ka da damar ɗauko babban ɗan wasa daga waje sai ka rage kaya, ka yi musayar wani naka mai tsada. Wanda kuma kwantiraginsa ya ƙare ya zama ɗan kansa, kowa na iya zawarcinsa. Mu da ba mu taɓa taka filin jirgin Amurka ba, mun fi masu ƙungiyoyin sanin yadda ya kamata su yi. Sunayen 'yan wasan suna yi mana wuya, sai muka raɗa musu namu. Gwanina shi ne Bahago, wani tsoho mai jifa da hagu a ƙungiyar masu shuɗiyar riga. Tijjani ya ce ƙungiyar na zawarcin wani dogon yaro da muke kira Raƙumi, kuma dole su sallami Bahago kafin su sami wurin sa shi. Ni kuwa na ce sai dai a bi ta kan gawata.

Gidan tsoho ne, na baƙin dutse, tagoginsa na katako kullum a rufe saboda zafi. Ko da rana tsaka ɗakin baƙin dishi-dishi yake, hasken talabijin ne kawai ke lasar fuskokinmu. A soro akwai wasu takalma. Tun zuwana na farko na lura da su, takalman wasa farare, manya ƙwarai, ƙafata biyu za su shiga ɗaya har da sauran wuri. Babu mai irin wannan ƙafa a gidan. Ba su taɓa gusawa daga inda suke ba, amma kuma ban taɓa ganin ƙura a kansu ba. Kullum kamar yanzu aka goge.

Ranar da na fara jin abin, ina tsakiyar cika baki ne. Na ce ƙungiyar Tijjani ba za ta iya riƙe babban ɗan wasanta ba, tunda sun kai sakafu. Ban rufe baki ba sai na ji dum! a bangon da nake jingine. Ba ƙwanƙwasar hannu ba ce. Wani abu ne mai nauyi da taushi, kamar an buga kai. Na ji shi har cikin ƙashin bayana.

Na ce, "Bakur, mene ne wannan?"

Ya ce, "Bututun ruwa ne, ya akhi. Gidan ƙadim ne." Ya miƙa hannu ya ƙara muryar talabijin, bai kalle ni ba.

To, na yarda. Amma bututun nan yana da ra'ayi. In Tijjani ya faɗi daidai, shiru. In ni na yi magana, dum. Da mujalla ta gaba ta iso, sai ga shi ƙungiyar Tijjani ta riƙe ɗan wasan nata, ashe dokar ta yi rangwame ga wanda yake naka tun asali. Bango ya yi gaskiya, ni na yi kuskure. Aka sake wata gardamar, aka sake dum, aka sake mujalla, bango ya sake cinyewa. Wani lokaci kuma ba a gardama ba, in ɗaki ya yi tsit, sai in ji shi a hankali, dum, shiru, dum, shiru, kamar bugun zuciyar wata babbar dabba da ke kwance a cikin ginin. Na taɓa ɗaga ido a irin wannan lokaci na ga Baba Hamza a bakin ƙofa da carbi, ya zuba wa bangon ido.

Wata Alhamis Tijjani bai zo ba, Bakur ya shiga ciki ɗauko shayi, aka bar ni ni kaɗai. Karambanin akuya, gai da kura. Na matsa na kafa kunne a bangon. Sanyi ƙalau. Wani wari-wari na magani haɗe da turaren luban yana fitowa ta wata tsaga. Na yi ƙasa da murya na ce, "Za a sallami Bahago?"

Shiru. Har na fara yi wa kaina dariya.

Dum!

Daidai saitin kunnena. Kuma bayan bugun, na rantse da Allah, na ji an ja numfashi, dogo, mai kauri, kamar na wanda ke danne dariya. Da Bakur ya shigo da tire ya same ni a ɗaya kusurwar ɗakin ina karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Ya ce, "Esh fik, me ya same ka?" Na ce muraja'a nake.

A makon ne kuma, kamar an shirya, wani malaminmu ya kawo bayanin cewa a gidajen Madina akwai aljanu Musulmi mazauna, kuma ba a far musu haka kawai. Sai an yi musu gargaɗi har sau uku, in sun ƙi tafiya sannan a ɗauki mataki. Gaskiyar magana a kan macizan da ake gani a gida yake bayani. Amma ni ɗalibi ne mai sabon ilimi, a makon muka fara darasin ƙiyasi, kaina yana hayaƙi. Na ce in maciji ya cancanci gargaɗi, ai mai buga bango ya fi cancanta. Na haɗa takalman soro, da warin luban, da idon Baba Hamza, lissafi ya fita sarai. Mutanen nan suna zaune da ƙaton aljani, tsoro ya hana su magana, kuma Allah ya kawo ni gidan ne don in cece su.

Na gaya wa Tijjani. Ya cire allura daga bakinsa ya dube ni sama da ƙasa (bai ɗauki lokaci ba, ba ni da yawa). Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, baƙo raɓa ne. Ka ci tuwonka ka yi shiru. Masu gida sun ce bututu, kai ma ka ce bututu." Na ce ilimi amana ne. Ya ce, "To, Allah ya ba amana haƙuri."

Na san abin da nake sawa a faifai. In na yi daidai, na saka wa gidan da alheri. In na yi kuskure, na rasa wuri ɗaya tilo da ake ce mini ɗa. Sai dai ban tsaya a kan na biyun ba, don a lokacin ban san ina iya kuskure ba.

Alhamis ɗin da ta biyo baya ta zo da baƙi. Wasu dattawa biyu abokan Baba Hamza sun dawo daga Khaibar da dabino, aka shigo da su ɗakin da muke. Bakur ya rage murya amma bai kashe bidiyon ba, tsofaffin suna kallon dogayen mutane na tsalle suna ta "masha Allah". Ɗayansu ya ce, "Hamza, kamar Usmanunka. Yaushe zai dawo ne?" Baba Hamza ya ce, "Sai yadda Allah ya yi," ya tura masa farantin dabino.

Tijjani, wanda ba ya ganin zaman lafiya ya ƙyale, ya ce a hankali, "Raƙumi ya zama ɗan kansa fa. Bahago ya fara ɗaure kaya." Na manta da baƙi, na manta da kunya. Na ce ƙarya ne, mutumin da ya ba ƙungiya ƙuruciyarsa ba a musayarsa kamar akuya don gwiwarsa ta fara ciwo. Na ce za su rage wa yara albashi su riƙe shi.

Dum!

Sai wuta ta ɗauke. Talabijin ya mutu, fanka ta riƙa juyi tana rage gudu har ta tsaya. Ɗakin ya yi duhu, sai zaren haske da ke shigowa ta katakon taga. A cikin shirun nan abin ya ci gaba, dum, dum, dum, yana ƙara sauri. Ɗaya dattijon ya ce, "Bismillahi, mene ne haka?"

Na miƙe. Na gyara hula. Bakur ya kamo gefen jallabiyata ya ce, "Ya shaikh, ugud, zauna," na fizge. Na fuskanci bango na ɗaga yatsa, na fara da Larabcin littafi, mai cikakken i'irabi, wanda ko a jarrabawa ban taɓa yin irinsa ba. Sai na tuna gidan na Hausawa ne, wataƙila aljanin ma tare da su ya taho daga Kano, don haka na maimaita da Hausa:

"Ya kai mazaunin wannan bango! In kai Musulmi ne, na haɗa ka da Allah ka daina firgita bayin Allah. Ka kwashe takalmanka ka bar gidan nan. Wannan shi ne gargaɗi na farko!"

Bugun ya tsaya cak. Na ji wani alfahari ya taso mini. Har na fara juyowa in karɓi godiya.

Sai bango ya yi magana. Murya ce mai zurfi, a dishe, kamar wadda ta daɗe ba a yi amfani da ita ba.

"Ya shaikh. Bahago tafiya zai yi. Sakafu ya cika."

Jama'a, ban san ina da irin wannan ƙara a cikina ba. Na yi tsalle da baya, tsallen da da na yi shi a sakandare da an sa ni a wasa, na faɗa kan tire. Dabinon Khaibar ya watse, butar shayi ta kife a cinyata. (Shayi ne. Tijjani ya yi shekaru yana cewa shi bai ga shayi mai yawan haka a butar ba. Shayi ne.)

Ba wanda ya yi dariya. Dattijon da ya yi zancen Usman ɗazu ya miƙe a hankali ya ce, "Hamza, wannan ai muryar Usman ce." Baba Hamza ya rufe fuskarsa da gefen mayafin kansa, kafaɗunsa suna girgiza. A nan ne na san tsoro na gaske, don tsoron aljani wasa ne a kan ganin dattijon da ke ce maka ɗa yana kuka saboda kai.

Muryar ta sake cewa, "Bakur, halas, ya isa. Kawo shi in gan shi."

Bakur ya ja ni ta wani lungu zuwa ƙofar da na ɗauka ta ɗakin ajiya ce. A ciki akwai gado da aka ƙara wa tsawo da benci. Mutum ne kwance a kai, dogo har ba ya ƙarewa, faffaɗan ƙirji, amma ƙafafunsa a ƙarƙashin zane sun zama kamar sanduna. Ƙwallon kwando tana kan cikinsa. Bangon gefensa ya yi baƙin tabo zagayayye a inda take dukansa.

Usman ke nan. Mota ta buge shi a can Amurka, ƙafafun suka mutu. Aka dawo da shi a ɓoye, ya sa iyayensa suka yi masa alkawari ba za su gaya wa kowa ba. Yaron da unguwa ke fitowa kallo in yana wasa bai yarda a zo ana yi masa sannu ba. Wani abokinsa ne ke aiko kaset da mujallun, shi yake fara gani kafin a kawo mana. Alhamis ita ce ranarsa, yana kwance yana jin gardamarmu ta bango, in shirme ya yi yawa ya kasa haƙuri ya maka ƙwallo. Takalman kuwa Inna ce ke goge su kowace safiya.

Ya dube ni, ya dubi jallabiyata, ya ce, "Kai ne mai Bahago? Na ɗauka za ka fi haka tsawo."

Na durƙusa na ce, "Yaya Usman, ka yafe mini. Rashin sani ya fi dare duhu."

Ya ce, "Ma'alesh, ba komai. Kai ka ce aljani. Ni da kaina na ɗauka na mutu." Ya juya ƙwallon a tafinsa. "Tun da aka kawo ni ɗakin nan, kai ne na farko daga waje da ya yi mini magana. Ko da kora ce."

Dattawan nan biyu suna tsaye a bayana. Sirrin da gida ya daɗe yana riƙo, na fasa shi a yammaci ɗaya, a gaban mutanen da kafin isha'i za su kai shi har unguwar Bani Harisa mai nisa. Ban san yadda na fita ba. Na tsinci kaina a titi da takalmi ɗaya nawa, ɗaya na Tijjani.

Na daina zuwa. Na koma wa adas ɗina, na ce wannan shi ne daidai da ni. In na hango mai kama da Bakur a masallacin Harami sai in canza ƙofa. Yajin Inna ya ƙare, na riƙa buɗe kwalbar ina shinshinawa. Na tabbata na rasa gidan, kuma ban ga laifin kowa ba.

Ana nan wata Alhamis na fito daga darasi sai ga Bakur jingine da motarsa. Na nemi hanyar gudu, babu. Fuskarsa a ɗaure ya ce, "Aljani yana kiranka."

Na ce, "Bakur, don Allah."

Ya ce, "Ya ce kai ɗalibin ilimi ne, ka san hukunci. Gargaɗi uku ne, ɗaya ka yi. Ka zo ka cika aikinka."

Na tarar an mayar da bidiyo ɗakin Usman, an buɗe taga. Abokan wasansa na dā sun cika wurin, wasu a ƙasa wasu a bakin gado. Baba Hamza ya kama kunnena ya murɗa, da zafi kuwa, sannan ya ce, "Ɗana, ka wuce ka ci tuwo." Usman ya sa aka yi shiru, ya ce sai na miƙe na yi gargaɗi na biyu, da Larabcin da Hausar, har da ɗaga yatsa. Na yi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, muka ji Inna a bayan labule tana dariya tana kuka. Sannan ya jefo mini sabuwar mujalla. An yi musayar Bahago, an kai shi wani gari mai sanyi, Raƙumi ya sa shuɗiyar riga.

Na ce, "Ba su kyauta ba. Don ƙafa ta gaza ba a jefar da mutum." Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa. Usman ya dube ni. Bai jefa ƙwallon ba.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Na ukun fa, ya shaikh, ka riƙe abinka. In ka yi, dole in tafi."

Ban yi ba. Har na gama karatu na dawo Zariya ban yi ba, kuma da labarin rasuwarsa ya same ni bayan shekaru, abin da ya fara zuwa mini shi ne, ai ban ba shi izini ba.

Yanzu ɗalibaina sukan zo mini da labarin motsi a rufi ko bugu a bango, suna neman abin da za su karanta. Nakan ce su karanta, karatu ba ya ɓaci. Amma kafin ka ɗaga wa aljani yatsa a gidan mutane, ka fara tambayar mai gida 'ya'yansa nawa. Kuma ka matsar da butar shayi.